Na cire gishiri da magi lokaci ɗaya, maigida ya koma cin abinci a waje. Ta ina zan sake farawa?

Uwargida daga Agege:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah ina neman shawara, musamman daga iyayenmu da suka daɗe a Legas da kuma masu aikin asibiti.

Ina zaune a Agege, shekara tara ke nan da aka kawo ni daga Zariya. Yaranmu huɗu, ga ƙanin maigida yana tare da mu, mu bakwai ke nan a tukunya ɗaya. Abban yara yana da shago a Idumota, shadda da yadi yake sayarwa. Yana idar da sallar asuba yake fita, ba ya shigowa sai tara da rabi na dare, wani lokacin goma ta gota idan gosulo ya riƙe su a Oshodi.

Watan jiya ya kwana uku yana fama da ciwon kai ta ƙeya. Da ƙyar na lallaɓa shi muka je asibiti. Aka gwada jininsa, 168 bisa 102. Aka ce ya zauna ya huta, aka sake gwadawa, bai sauka wani abin kirki ba. Likitar ta ce hawan jini ne, ta rubuta masa magani, ta dube ni ta ce, ke ce mai girki, a rage gishiri da magi da mai da zaƙi, a yawaita ganye. Mahaifinsa shanyewar ɓarin jiki ce ta kwantar da shi shekara huɗu kafin Allah Ya karɓi abinsa. Ina cikin waɗanda suka yi jinyarsa a ƙarshe, na san abin da idona ya gani. Tun a cikin keke muna dawowa gida jikina yake rawa.

Washegari na tattara ledar magi, da farin magi, da robar gishiri, da kwalin suga, na ɗora su can saman kabad. Na ce daga yau an gama. Na yi tuwon masara miyar kuka, ba gishiri ko ƙwaya ɗaya, ba magi, man ma ɗan ɗigo. Ya dawo a gajiye, ya wanke hannu, ya yi loma biyu, ya zauna yana kallon kwanon. Bai yi faɗa ba, ba halinsa ba ne. Ya ce, "Sannu da aiki," ya rufe, ya sha ruwa ya kwanta. Wallahi da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi.

Yaran kuwa ba su ɓoye ba. Ƙaramar ta tofar, babban ya ce shi ya ƙoshi. Da safe na haɗa shayi ba suga, na hana burodi, na ce kowa kunun gero zai sha haka nan salam. Rana ta uku na kama su sun haɗa kuɗin makarantarsu sun sayo burodin Agege da wake wajen mai ewa agoyin. Rana ta huɗu ƙanin maigida ya faɗa mini, ba da nufin gulma ba, cewa yayansa yana tsayawa wajen mai shayi a bakin titi kafin ya shigo: indomi biyu, ƙwai biyu, shayi mai kauri. Wato abin da nake gudu, na tura shi inda ya fi yawa. Rana ta biyar na sauko da kayan daga saman kabad na koma girkina na da, ina juya miya ina hawaye.

Bari in faɗi yadda muke ci tsakani da Allah, don mai ba da shawara ya san inda zai kama. Da safe shayi da madarar gwangwani da burodi. Shi ƙwayar suga biyar yake sawa a kofinsa. Da rana yara suna dawowa shinkafa da miya, ko taliya da manja da yaji, ko dafa-duka. Da dare tuwo, ko shinkafar da ta rage. A kowace tukunyar miya ina sa magi huɗu, da gishiri abin da hannuna ya ɗebo, da ɗan farin magi. Mai kuma daga galan nake tuttulawa har sai na ga ya taso saman miya, don haka na tashi na ga ana yi a gidanmu, miyar da mai bai taso ba ai ba a kai wa baƙo. Ganye sai ranar da na yi miyar taushe ko fate, bai fi sau ɗaya a mako ba. 'Ya'yan itace sai da azumi. Abin da yake ci a kasuwa da rana ban sani ba, na dai san ba ya rabuwa da lemon kwalba, kuma a gosulo yakan sayi gala.

Kada a ce mini in sayi tuffa da inabi da man zaitun. Tun da aka cire tallafin man fetur a 2023 kowa ya san yadda cefane ya koma. Derikar shinkafa da ta wake kawai idan na saya, rabin kuɗin cefane ya tafi. Wuta kuma ba ta zama a layinmu, firij ɗina ya zama wurin ajiye kwanuka, ba zan iya sayen ganyen mako guda in ajiye ba.

Abin da nake so shi ne abu ɗaya ko biyu da zan iya riƙewa, wanda ba zai kori mutumin nan daga kwanona ba. Me zan fara taɓawa? Nawa zan rage? Kuma yaya zan san ina ci gaba?

Hajiya, Idi-Araba:

Wa alaikumus salam 'yata. Share hawayenki, ba ki yi laifi ba, tsoro ne ya sa ki gudu. Ni shekarata talatin da ɗoriya a garin nan, kuma Alhaji ya fi shekara goma yana shan maganin hawan jini, yana nan da ƙafarsa yana zuwa masallaci. Abin da kika yi na yi shi, har ma na fi ki, don ni har nama na hana shi.

Kuskuren biyu ne. Na farko kin canza komai rana ɗaya. Na biyu kin yi shela. Harshen da ya shekara arba'in yana cin gishiri ba ya tuba a dare ɗaya. Kuma namiji da ya ji an ce "abincin mara lafiya" aka ba shi, ko da daɗi sai ya ji ba daɗi.

Ki fara da magi kaɗai, ki bar sauran. Huɗu kike sawa, gobe ki sa uku. Kada ki faɗa wa kowa, ko ƙaninsa. Ki yi mako biyu a haka. Idan ba wanda ya ɗaga kai, ki cire farin magin nan gaba ɗaya, ki sake yin mako biyu. Sannan ki koma biyu. Gishiri kuma ki daina ɗiba da hannu, hannu ba ya da gaskiya, ranar da ranki yake ɓace ya fi ɗebowa. Ki samu cokali ɗaya ki bar shi cikin robar, ki auna abin da kika saba sawa ki gani da idonki, daga nan ki riƙa rage kan cokalin.

Amma fa duk abin da kika cire sai kin mayar da wani abu gurbinsa, in ba haka ba miya za ta yi lami. Iyayenmu da me suka yi miyar kuka kafin magi ya zo? Daddawa. Ki daka ta da citta da tafarnuwa da masoro da ɗan kanumfari, ki ajiye a kwalba. Ki soya albasa da yawa har ta yi ja kafin ki zuba kayan miya, ita kanta tana kawo zaƙi. Ki jefa busasshen kifi ko da kai ne kawai. Idan daddawar gida ta yanke miki, iru na Yarabawa ɗan'uwanta ne, daga ɗorawa ake yin su duka. Sai dai su sukan zuba masa gishiri don kada ya lalace, ki ɗauraye shi kafin ki sa.

Maganar ganye kuma, ke da kike Legas ai kin fi na gida samu. Alayyahu shi ne suke cewa tete, lalo shi ne ewedu, ga shoko, ga ugu, kowane lungu akwai mai faranti. Ba sai kin ajiye ba, ki sayi ƙulli ɗaya na ranar. Ba kuma sai kin yi wata miya daban ba. Miyar dagen da kika saba, idan ta kusa sauka ki yanka alayyahu cikin tafin hannu biyu ki watsa, ki rufe minti uku. Dafa-duka ma haka. Zogale busasshe ki aika a kawo miki daga Zariya cikin buhu ƙarami, ba ruwansa da firij, ki yi kwaɗo da ƙuli-ƙuli ranar Juma'a. Ban taɓa ganin Bahaushen da ya ture kwaɗon zogale ba.

Sugan shayinsa ki bar shi tukuna. Kada ki buɗe yaƙi biyu lokaci guda. Sannu ba ta hana zuwa.

Wani ɗan'uwa, Obalende:

Hajiya a gafarce ni, amma ni ban gamsu ba. Mutum jininsa ya kai 168 ana maganar cire magi ɗaya a mako biyu? Yayana haka aka yi ta lallaɓawa har ya faɗi a banɗaki. Ni a ganina a gaya masa gaskiya, ko ya ci abin da aka ba shi ko ya bi hanyar mahaifinsa.

Ma'aikaciyar jinya, Mushin:

Malam na Obalende, Allah Ya ba yayanka lafiya. Tsoronka yana kan hanya, amma a raba abu biyu. Abin da ba ya jira shi ne magani. Wannan kullum ne, a kan lokaci, ko ya ji garau ko bai ji ba, kuma ya koma asibiti ranar da aka ba shi. Hawan jini galibi ba ya nuna alama, shi ya sa mutanenmu da kai ya daina ciwo sai su ajiye ƙwayar. Abinci kuma aikin shekaru ne, wanda aka yi da ƙarfi ya karye rana ta biyar, kamar yadda 'yar'uwarmu ta gani, bai amfani kowa ba.

Anti, tambaya ta farko gare ki: yana shan maganin? Ki ajiye shi kusa da buta ko dardumar sallarsa, ya haɗa shi da asuba tunda ba ya fashin ta.

Ga alƙaluman da za ki auna kanki da su. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babban mutum kada ya kai gram 5 na gishiri a yini, wato bai cika ƙaramin cokalin shayi ba. Ba wanda kika zuba a miya kaɗai ake nufi ba, duka ne: na cikin magi, na burodi, na yaji, na ledar kayan haɗin indomi, na kilishi da tsire. Ƙaramin dunƙulen magi nauyinsa kamar gram 4 ne, kuma kusan rabinsa ko fiye gishiri ne. Kin ga tukunya biyu a rana, magi takwas, tun ba ki taɓa robar gishiri ba an yi nisa. Shi ya sa shawarar Hajiya ta fara daga wurin da ya dace. Kuma da gaske ne harshe yana sabawa cikin 'yan makonni, har abincin da mutum ya saba ci a baya ya koma yi masa gishiri da yawa.

Abu ɗaya da mutanenmu ba sa lissafawa: kanwa. Sinadarin da ke cikin gishiri mai tayar da jini, sodiyam, akwai shi a kanwa sosai. Idan kina jefa ta a wake don ya yi saurin nuna, gwada jiƙa waken tun dare, zai nuna ba tare da ita ba, gas ma ya ragu. A miyar kuka da kuɓewa ki rage ta zuwa ɗan mitsitsi. In kina duba bayan leda kika ga an rubuta adadin sodiyam, ki ninka shi sau biyu da rabi, shi ne gishirin.

Zaƙi kuma, hukumar ta ce kada suga ya wuce kamar gram 50 a yini, cokalin shayi 12 ke nan, kuma in an iya tsayawa a 6 ya fi. Robar lemo ta 50cl ɗaya tak tana ɗauke da fiye da cokali 10. Maltina da 'yan uwanta ma zaƙi ne, ba sa ƙara jini kamar yadda ake faɗa a gidajen masu jego. Gwamnati ta sa harajin naira 10 a kan kowace lita ta irin waɗannan lemuka a 2022, amma ban ga ya hana kowa sha ba. Saboda haka a wajen maigidanki, lemon kasuwa ya fi ƙwaya biyar ɗin shayi nauyi.

Ganye da 'ya'yan itace ana so a kai gram 400 a yini, kuma doya, dankali da rogo ba sa cikin lissafin. Na san da nisa daga inda kike. Kada ki kalli 400, ki kalli sau ɗaya a kowace rana. Yalo, karas, kokwamba, gwanda, lemon zaƙi, ayaba, agwaluma a lokacinta, duk wanda ya fi araha a ranar. Ba wanda ya ce sai tuffa. Sai dai in likita ta ce ƙodarsa ta taɓu, ki tambaye ta kafin ki yawaita ayaba da ganye.

Yadda za ki san kina ci gaba: ki sami ƙaramin littafi. Ki rubuta ranar da kika buɗe ledar magi da ranar da ta ƙare, haka galan ɗin mai. Idan ledar da take yin kwana goma ta koma yin sha biyar, kin ga aiki da idonki. A shafi na gaba ki riƙa rubuta awon jininsa, sau ɗaya a mako, a cibiyar lafiya ta unguwa ko kemis mai abin awo. Ya zauna minti biyar kafin a gwada, kada ya sha shayi ko ya ci goro rabin awa kafin nan. Abin da ake nema ya sauko ƙasa da 140 bisa 90.

Ki kuma bincika aljihunsa. 'Yan kasuwa da yawa suna shan haɗin maganin ciwon jiki kullum, irin su ibuprofen da diclofenac, kuma suna tayar da jini. In yana sha, ya faɗa wa likita.

Mai albasa, Mile 12:

Salamu alaikum. Ni namiji ne, bari in faɗi ta ɓangarenmu, don Hajiya uwargida akwai abin da ba ki gani daga gida.

Mutumin da ya fita asuba ya dawo goma na dare, sau ɗaya yake ci a hannunki. Sauran duk a titi ne. Ko kin mayar da miyarki ruwan pampo, in ba a taɓa na kasuwa ba an bar jaki ana dukan taiki. Ni shekarata sha shida a nan ina sauke albasa daga Aliero da Sakkwato. Akwai lokacin da nake shan lemo uku a yini, don zafi da ƙishi, kuma yaron da ke sayarwa yana gefen rumfata. Da aka ce sugana ya fara hawa, ban iya barin komai ba sai abu ɗaya: na ce lemo sai bayan la'asar, kafin nan ruwan leda. Daga uku ya koma ɗaya ba tare da na ji na rasa wani abu ba. Bayan wata biyu na mayar da shi ranar Juma'a kawai. Yanzu shekara uku ke nan. Indomin dare kuwa har yau ina ci, amma na ce wa mai shayinmu rabin ledar haɗin zai sa mini, ya yanka albasa da tumatir da yawa. Da farko yana dariya, yanzu wasu ma haka suke cewa a yi musu.

Kada ki sa masa doka. Ki zauna da shi bayan ya ci ya ƙoshi, ba lokacin da ya shigo da gajiyar danfo ba, ki ce masa shi ya zaɓi abu ɗaya da zai rage a kasuwa. Abin da mutum ya zaɓa da bakinsa yana jin kunyar karya shi. Kuma ki tuna masa hadisin nan da duk muka sani, na kasa ciki uku: kashi ɗaya abinci, ɗaya ruwa, ɗaya numfashi. Malam ɗin da ba zai ji maganar likita ba zai ji wannan.

Na cefane kuma, ki bi lokaci. Daga sanyi zuwa farkon bazara kayan noman rani suna sauka daga Kano da Katsina da Jigawa, tumatir da tattasai da karas da kabeji suna araha. Da damina ta kama tumatir yake tsada, lokacin ki koma kauɗa da miyar ganye, don ganye a lokacin ne yake banza. Ku haɗu ku huɗu ko biyar a layinku ku sayi kwando ɗaya ku raba, ya fi sayen kashi-kashi nesa ba kusa ba. Amma don Allah ki guji fasasshen tumatir ɗin nan da ya fara fari-fari saboda araha. Mu da muke cikin kasuwar ba ma kai shi gidajenmu.

Uwargida daga Agege:

Assalamu alaikum. Na dawo in ba da labari, yau mako biyar ke nan. Hajiya, Anti ma'aikaciyar jinya, Malam mai albasa, har da Malam na Obalende, Allah Ya saka da alheri, Ya jiƙan mahaifa.

Anti, da na bincika ashe yana tsallake maganin, duk ranar da ya ji kansa sakayau ba ya sha. Yanzu ƙwayar tana cikin ɗan kofi a kan dardumarsa, ina ajiyewa tun dare. Haɗin kemis ma na samu a aljihun rigarsa, ya kai wa likitar ta ce ya daina.

Magi na koma uku ranar da na karanta amsar Hajiya. Na zauna ina satar kallonsa yana ci, gabana yana faɗuwa. Ya cinye tas ya ce a ƙara miya. Bayan mako biyu na cire farin magi, yanzu kwana shida ke nan ina sa biyu. Babban ɗana ne kaɗai ya ce, "Umma, miyar nan ƙamshin ta Inna ta Zariya take yi." Daddawar ce. Gishiri kuma da cokalin maganin yara nake aunawa, mai alamar 5ml. Ranar farko da na juye abin da hannuna ya saba ɗebowa a ciki, ya cika sau biyu har da tozo. Na daɗe tsaye ina kallonsa. Yanzu ɗaya da rabi nake sawa a tukunyar mu bakwai.

Alayyahu ina sawa kwana huɗu ko biyar a mako, ba kullum ba, akwai ranar da kuɗin ba sa kaiwa. Ƙaramar tana tsince shi tana ajiyewa gefen faranti, na ƙyale ta. Mai ban taɓa shi ba tukuna, sai dai na daina tuttulawa daga galan, ina zubawa a ludayi don in san nawa ne. Uku ne. Wata mai zuwa in sha Allahu zan gwada biyu da rabi.

Akwai wanda bai yiwu ba. Na ce zan riƙa zuba masa abincin rana a kula ya tafi da shi. Kwana biyu ya ɗauka, na biyun miya ta zube masa a shadda cikin danfo, ya ce ba zai ƙara ba, ban kuma ja ba. Yanzu ayaba biyu da ƙullin gyaɗa marar gishiri nake sa masa a jaka saboda gosulo. Na bi shawarar Malam mai albasa na bar shi ya zaɓa, ya ce lemo ɗaya a rana maimakon biyu ko uku. Ban san ko yana cikawa kullum ba, na dai ga ya sayi gorar ruwa. Suga ya rage ƙwaya ɗaya da kansa, ban ce masa komai ba. Mafi girma a wurina, ya daina tsayawa wajen mai shayi, a gida yake ci.

Awon ranar Asabar 148 bisa 92. Na san yawancinsa aikin magani ne, kuma bai kai inda Anti ta ce ba. Ranar Talata za mu koma asibiti da ɗan littafin.

Hajiya, sabuwar tambaya gare ki. Surukata za ta zo daga Zariya ƙarshen wata, za ta yi wata biyu. Ita ba ta yarda da miyar da ba kanwa ba man shanu, kuma takan shigo kicin ta ɗanɗana ta ƙara gishiri da hannunta. Ba zan iya hana ta ba, uwa ce, kuma ita ce ta yi jinyar mahaifinsa shekara huɗu. In faɗa mata gaskiyar awon ɗanta tun ranar da ta sauka, ko in bari shi ya faɗa mata da bakinsa?